Sulle Da Lambar Da Ba Ta Rabuwa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na bakin tashar Karaye ya san Sulle. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Mutumin Kurugu ne, ya ba hamsin baya, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa kawo zancen da ya ce bai sani ba. In ana maganar injin ban-ruwa, shi ya fara gyara irinsa a Kano. In ana maganar jirgin sama, saura ƙiris ya tuƙa, direban ne ya yi masa hassada. Abu ɗaya ne ba a taɓa ganin Sulle da shi ba, wato fartanya.

Ba don ba gona ba kuwa. Mahaifinsu, marigayi Malam Bappa, ya bar musu gandu mai faɗi a hanyar Rogo, su uku: Sulle ne babba, sai ƙanensa Abdulmutalib, sai ƙanwarsu Barira da ke aure a Rogo Ruma. Shekara huɗu da rasuwar ba a raba gado ba. Abdulmutalib ke huɗa, shi ke shuka, shi ke noma. Sulle kuwa yana gindin ɗorawa yana duba aiki da ido ɗaya a rufe, in kaka ta yi ya zo da buhunansa tun kafin a gama sussuka. A bana dai Abdulmutalib ya ƙoshi. Ya same shi har gida, suka gaisa, ya ce, "Yaya, a raba gonar nan. Kowa ya noma tasa." Barira ta aiko cewa ita ma haka ta gani. Aka sa rana, Asabar ta sati uku, Malam Zaharaddini mai rabon gado zai zo daga Rogo.

Tsoro ya kama Sulle, tsoro na gaskiya. Ya san ranar da aka ce ga taka gonar, ranar ce tuwonsa na banza ya ƙare.

Yana cikin wannan hali ya biya gidan Malama Munawwara, 'yar Barira, wadda ke koyar da lissafi a wata sakandare a Karaye. Ya ce gaisuwa ya zo, amma daidai lokacin sauke tukunya ya yi sallama. Yana jiran abinci idonsa ya faɗa kan wata takarda, an rubuta wata doguwar lamba a kai: 2147483647.

Ya ce, "Wannan lambar wayar wa ce? Ai saura ɗaya ta cika."

Ta ce, "Ba ta waya ba ce, Kawu. Biliyan biyu ce da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Ka ɗauki ƙwayar gero ɗaya ka riɓanya ta, ka sake riɓanyawa, har sau talatin da ɗaya, sannan ka cire ƙwaya ɗaya. To ita ce wannan."

"Na san ta," in ji Sulle. "Me take yi?"

"Ba ta rabuwa."

Sulle ya ajiye cokalin da ya ɗauka. "Sake faɗa in ji."

"Ba ta rabuwa, Kawu. Ka raba ta biyu ta ƙi, uku ta ƙi, bakwai ta ƙi, dubu ta ƙi. Ba ta rabuwa sai da ɗaya, ko da kanta."

Ba a taɓa ganin Sulle ya bar dafa-duka a kwano ba sai ran nan. Ya kwafi lambar a bayan kwalin sukari, ya cusa a hula, ya fice. Kafin la'asar duk tashar Karaye ta ji cewa Sulle ya samo laƙanin hana rabuwa, wanda ya daɗe yana bincike a kansa, kuma har malaman boko sun fara tuntuɓarsa.

Masu shayi suka ce ya gwada su gani. Ranar kasuwa sai ga shi da tulun matarsa Adama a kafaɗa, ya rubuta lambar da gawayi daga wuya har gindi. Ya hau kan benci, ya ɗaga tulun sama, ya ce wa jama'a su matsa don kada ya yi tsalle ya bugi wani. Ya saki. Tulu ya ce tus, ya watse har rumfar masu manja.

Wata tsohuwa mai daddawa ta ɗauki wani katanga na tulun ta juya shi. Ta ce, "Ga huɗu da bakwai nan a wajena. Wa ya tsinci sauran?"

Sulle ko a jikinsa. Ya ce, "Gawayin marke ne. Na ce a kawo mini na kirya."

Mutum biyu suka yarda da shi, kuma wallahi mutum biyu sun ishi Sulle jama'a. Na farko Hammawa ne, makiyayi, maƙwabcinsu, wanda shanunsa ke watsewa duk ranar da zai ƙetare titi da su. Sulle ya ce wannan ƙaramin aiki ne. Ya sa aka zaɓo shanu goma aka jera, ya zo da shuɗin fenti, ya rubuta wa kowace saniya adadi ɗaya a ciki, daga mai biyu har mai bakwai ta ƙarshe. Ya ce wa Hammawa ya ajiye sanda, daga yau ba shi da buƙatarta.

Suka doshi titi. Wani mai babur ya danna ham. Mai takwas ta yi gabas, mai uku ta yi yamma, sauran suka faɗa lambun albasar wani bawan Allah suka fara kiwo a natse.

Hammawa ya tsaya yana huci. Ya ce, "Malam Sulle, ka ce ba sa rabuwa."

"Wa ya ce mai shida ta koma baya?" in ji Sulle. "Dubi yadda suke tsaye. Yanzu lambar da shida ta ƙare, ai dole ta rabu. Ni na ba ka lamba, ban ce zan koya wa saniya layi ba."

Hammawa ya ɗauki sandar da aka ce ba shi da buƙatarta, Sulle kuma ya tuna yana da uzuri a cikin gari.

Na biyu Kabir ne mai faci, wanda matarsa Zuwaira ta gaji da halinsa ta fara haɗa kaya. Sulle ya rubuta masa lambar a ƙofar ɗaki, a murfin tukunya, har a bayan takalminta. Da safe Zuwaira ta sa takalmin ta hau motar Rogo. Kabir ya zo teburin shayi idonsa ja wur, ya ci kwalar Sulle.

Sulle ya ce, "Sake ni mu yi magana ta ilimi. Matanka nawa?"

"Ɗaya."

"Madalla. Wa ya kore ta?"

"Ba wanda ya kore ta. Da kanta ta tafi."

Sulle ya juya ga jama'a ya buɗe hannu. "Kun ji da kunnenku. Ba ta rabuwa sai da ɗaya, ko da kanta. Shi ya haɗa duka biyun, kuma ni yake tuhuma."

Sai da mutum uku suka ɓamɓare Kabir daga jikinsa, rigar dai ba ta sake moruwa ba.

Labari ya kai wa Munawwara har ɗakin malamai. Kunya ta rufe ta, ta hau babur ta same shi a zaure yana ɗinke riga. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Kawu, don girman Allah ka daina. Ba laya ba ce. Rubuta ta a jikin abu ba ya hana komai. Sai in abin da za a raba yawansa ya kai wannan adadin daidai, shi ne ba zai rabu daidai ba."

Sulle ya dubi rufin zaure. Sannan ya ce, "Abin da nake ta faɗa musu ke nan. Wato in kunyoyin gonarmu sun kai biliyan biyu da 'yan kai, shi ke nan?"

"Kawu, ko ka huɗe Karaye da Rogo har Kano ba za ka samu wannan ba."

"Ba ta da ƙanwa?"

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Ta ce irinsu ba su da iyaka, akwai ƙanana akwai manya, har akwai waɗanda rubuta su kaɗai zai cika littattafai. Dubu da tara ma irinsu ce. "Amma Kawu, ka gane, idan an ce ba ta rabuwa ana nufin dole a samu..."

Ya ɗaga mata hannu. "Ke, ni na yi wa uwarki goyo. Kada ki koya mini lissafi."

Washegari mutanen Kurugu suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Sulle a tsakiyar gona, ba a gindin ɗorawa ba. Abdulmutalib ya riga ya gama huɗa da garmar shanu, kunyoyi a jere tsaf, Sulle na binsu yana ƙirgawa da yatsa. Matsalar ita ce gonar a bakin hanya take, kuma ba a wuce babba a gona ba a gaishe shi ba.

"Ɗari huɗu da sittin da biyu, ɗari huɗu da sittin da..."

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam Sulle."

"Wa alaikumus salam. Yauwa sannu."

"An tashi lafiya? Ya iyali? Ya damina? Ya gajiyar kasuwa? Ya wuyan?"

Kafin ya gama amsa lafiya lau ta biyar ƙidaya ta gudu. Ya koma farko. Da mutane suka gane, sai wucewa ta ƙaru. Akwai dattijon da ya wuce sau shida a wuni ɗaya, kowane wucewa sai ya tambayi lafiyar Adama da ta tulunta. Sulle ya toshe kunnuwa da auduga, aka kai ƙararsa wajen liman cewa ya daina amsa sallama. Ya dawo yana kafa kara a kowace kunya ta ɗari, awaki suka bi suka cinye alamar.

Kwana tara ya yi kafin ya tsayar da magana: kunya dubu da biyu. Saura bakwai. Ya je aron fartanya wajen maƙwabta, matar gidan ta leƙo ta kan katanga ta tambaya ko wani zai binne. Ya yi kwana huɗu yana tayar da kunyoyi bakwai a gefen gona, wajen burtali, inda ƙasa ta yi tauri saboda takun shanu. Hannunsa ya yi kanta, bayansa ya ƙage. Shida sun yi kama da kunya. Ta bakwai ta fita a karkace, gajera, kamar an ja ta da ƙafa.

Abdulmutalib ya zo ya tsaya yana kallo. Tausayi ya kama shi. Ya ce, "Yaya, ashe ka iya."

"Za ka ga iyawa ranar Asabar," in ji Sulle.

A daren jajiberen rabon wani tunani ya ƙara faɗo masa, ya ga ai ya yi wa kansa rowa. Me zai sa ya tsaya a hana rabo, alhali gonar gaba ɗaya tana iya zama tasa?

Asabar da hantsi gefen gona ya cika. Sulle da kansa ya bi teburan shayi ya gayyato mutane, har da na Rogo, ya ce su zo su ga yadda ake kayar da malami da ilimi. Hammawa ya zo da sandarsa. Kabir ya zo shi kaɗai. Barira ta iso da mayafinta ta zauna a kan tabarma, Munawwara na gefenta. Malam Zaharaddini, dattijo mai sanyin magana, ya sauka daga babur da igiyar awo a hannu, aka yi addu'a ga mamaci.

Sulle ya miƙe da babbar riga. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a ajiye igiya. Da kunya za a raba gonar nan, kuma ba a yanka kunya biyu. Kun yarda?"

Abdulmutalib ya ce shi duk ɗaya ne. Barira ta ce ta yarda.

"To jama'a ku shaida. Ni Sulle na yafe wa ƙannena rabona. Su raba tsakaninsu yadda shari'a ta ce. Amma abin da ya ƙi rabuwa, nawa ne."

Munawwara ta zabura. "Kawu, tsaya, ba haka..."

"Barira, yi wa 'yarki magana. Manya na zance."

Malam Zaharaddini ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Malam Sulle, kashi biyu cikin biyar ne haƙƙinka a gonar nan. Ka san abin da kake faɗa?"

"Tun kafin a yaye wasu."

"Ba wanda ya tilasta ka?"

"Wa ya isa?"

"Na sake tambayarka ta uku, a gaban shaidu."

"Allah gafarta Malam, rana na yi. A rubuta."

Aka rubuta, ya dangwala yatsa, ya ƙara da sa hannu mai kwana-kwana don a san ya yi zamani. Aka tashi dattawa uku su ƙirga, aka hana kowa gaishe su har su gama. Suka dawo baki ɗaya: dubu da tara. Sulle ya gyara hula, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya yana murmushi. Ya ce, "Bismillah, Malam. A raba mu gani."

Malam ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu. Ya ce namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, kashi uku ke nan. Ya yi 'yan zane-zane da tsinke. Ya ɗago ya ce, "Gaskiyar Malam Sulle. Dubu da tara ba ta rabuwa uku."

Sulle ya juya yana karɓar gaisuwa. Har ya fara nuna wa wani inda zai kafa rumfar hutawa.

"Dubu da takwas kuwa tana rabuwa," in ji Malam. "Barira, ɗari uku da talatin da shida. Abdulmutalib, ɗari shida da saba'in da biyu. Saura ɗaya. Ita ce ta ƙi rabuwa."

Sulle ya ce, "Ɗaya me?"

"Kunya ɗaya."

"A'a, Allah gafarta Malam, ba ka gane ba. Lambar ce ba ta rabuwa. Gaba ɗayanta. Munawwara, faɗa musu."

Munawwara ta sunkuyar da kai, don har ga Allah abin ya yi mata ciwo. Ta ce, "Sau biyu ina so in gaya maka, Kawu. Ba ta rabuwa daidai, shi ne nufi. Ana rabawa, sai dai a yi saura."

"To a kawo babbar. Mai biliyan biyun."

"Ita ma in an raba ta uku, ɗaya ce ke ragewa."

Wani daga baya ya kasa riƙewa, ya fashe, sai wurin ya ɗauka. Hammawa ya dafa sanda yana dariya har hularsa ta faɗi. Kabir, wanda rabonsa da dariya tun tafiyar Zuwaira, sai da aka ba shi ruwa. Sulle ya ce a sake ƙirgawa, aka ce an ƙirga. Ya ce a raba biyu, Malam ya ce ko biyu aka raba ɗaya ce. Ya ce a fasa, Malam ya ɗaga takarda ya nuna masa yatsansa, shuɗin tawada bai ko bushe ba.

Aka fara rabo daga gabas, aka kafa duwatsu. Abdulmutalib ya ɗauki nasa, Barira ta ɗauki nata. Da aka zo ƙarshe, bakin burtali, abin da ya rage ita ce gajerar nan karkatacciya da Sulle ya tayar da hannunsa. Ya tsaya a kanta da babbar rigarsa, rigar ta rufe kusan rabin gonar tasa. Gumi ya keto masa.

Barira ta taso a hankali ta zo gabansa. Ta dubi kunyar daga wannan kai zuwa wancan, ba ta ko juya wuya sosai ba. Ta ce, "Yaya, kada ka damu. Shekara da shekaru mutane suna cewa ba ka da kunya. Yau ga shi gaban shaidu ka samu ɗaya."

Abdulmutalib bai yi dariya ba. Ya jira jama'a suka fara watsewa, ya matso kusa da yayansa, ya rage murya. Ya ce in Sulle na son hatsi bana, akwai aiki a tasa gonar, ana fitowa bayan asuba.

Sulle ya share gumi da hannun riga. Ya ce, "Duba aiki?"

"Aikin dai, Yaya."